Gadon da Yaya Haruna Ya Nema a Ƙwan Tarwaɗa

Shekara ashirin da biyar ke nan da muka binne yayana, Malam Haruna, a Daudawa, kuma har yau raina bai huce ba.

Malamin kimiyya ne a wata sakandare. Da damina yakan ɗebo ƙwan tarwaɗa daga tafki ya zuba a kwalabe, ya yini a kan tsohon madubin ƙara girma, yana zana yadda wani siririn zare ke bayyana a bayan tayin kifi ya zama lakar ƙashin baya, kansa ya kumbura ya zama ƙwaƙwalwa. Ya yi imani akwai umarnin da kifi ke gada daga iyayensa, wanda ke nuna wa kowace jijiya hanyarta. Idan aka tambaye shi abin da yake nazari, sai ya ce, "Gado."

Mutane suka ɗauka rabon gado yake nufi, har daga Sheme aka riƙa zuwa ya raba gonakin mamata. Baba Ilu, ƙanen mahaifinmu, ya taɓa leƙa kwalba ya ce, "To Malam, wannan ɗan kifi mi ubanshi ya bar mashi? Tafkin?" Haruna ya fi kowa dariya.

Dariyar ƙauye ba ta cuce shi ba. Tamu ce ta cuce shi, mu masu digiri. Zamanin kuɗin mai ne, ana raba motoci kamar goro, ni kuma ƙaramin jami'i ne a ofishin da ya rubuto yana roƙon madubi mai ƙarfi guda ɗaya. Wani babba ya rubuta a kan takardar: a kai wa alƙali, shi ya san gado. Ofis ya kece da dariya. Ni na mayar da fayil ɗin cikin kabad na kulle, domin ina jiran ƙarin girma.

Bana na karanta cewa masana a waje suna gano ƙwayoyin gadon da ke tsara jijiyoyi a tayin kifi. Da yana raye, murna zai yi, ya tambayi wane irin kifi ne. Ni na kasa murna.

Ranar rabon gadonsa an fito da keke da riguna. Littattafan zanensa babu wanda ya kira su gado, sai na kwashe su na adana a kabad. Sai yau, ina cikin wannan rubutu, na lura cewa karo na biyu ke nan da na kulle Yaya a kabad. Na tashi na fito da su.