Yadda Na Bi Littafin Malam Ɗahiru Har Maigatari

Bari in fara da tona wa kaina asiri: ni na cusa littafin Malam Ɗahiru a buhun zoɓo, da hannuna. Malam maƙwabcinmu ne a Gagarawa, tsohon malamin tarihi, idonsa ya yi rauni. Littafin kuwa rubutun hannunsa ne tun yana saurayi, shafi sittin da Hausa, labarin Aztek na ƙasar Meziko, yadda su da bakinsu suka faɗi zuwan Turawan Sifen. Babu na biyunsa a duniya. Ya ba ni aro da sharaɗin ko ƙuda kada ya sauka a kai.

Ran Litinin aka sa ni ɗura zoɓo, na laɓe bayan rumbu ina karatu. Da na ji tarin Baba sai na tura littafin cikin buhu, na kama aiki kamar mutumin kirki. Abokai suka kira ni ƙwallo, na manta. Kafin in tuna an ɗinke buhunan, an sayar wa Ɗan'azumi mai sayen zoɓo a Gumel. Baba ya ce, "Ko ka dawo da littafin, ko ka dawo da bakin da za ka gaya wa Malam."

Laraba: Gagarawa zuwa Gumel

Shida saura minti goma muka tashi, ana fitowa daga sallar asuba. Mu tara ne a motar mutum biyar, ban da kwandunan tumatir. Ƙafata ta hagu sai a Gumel muka sake haɗuwa da ita.

Direba ya leƙo ni ta madubi. "Ɗan boko, wa ya mutu?"

Na ba shi labari. Ya ce, "Su waye kuma Aztek? Yarbawa ne?"

Nan bakina ya buɗe. Na ce birninsu, Tenochtitlan, a tsakiyar tafki yake, ana shiga ta hanyoyin da aka cike bisa ruwa, gonakinsu ma a kan ruwan suke. Direba ya ce, "Gona a kan ruwa! Mu da sai guga ya gaji kafin ya taɓo ruwan rijiya." Na juya ga tsohuwar da kwandonta ke kan cinyata, na ce tumatir da masara da barkono duk daga can aka kawo su.

"Kai yaro, ji tsoron Allah," in ji ta. "Tumatir ɗin nan a Gagarawa Tasha aka haife shi, a gabana."

Da na ce suna yanka mutane don gumakansu, motar duka ta ɗauki a'uzubillahi. Malam bai ɓoye wannan ba, ni ma ban ɓoye ba.

Bakwai saura kwata muka shiga Gumel, tafiyar kamar kilomita talatin. Ɗan'azumi ya yi dariya har hularsa ta karkace, sannan ya ce buhunan Gagarawa tun jiya suna Sule Tankarkar, inda mata ke tsince masa zoɓo.

Sule Tankarkar

Mota ba ta cika ba sai ƙarfe goma sha ɗaya. Minti arba'in muka yi a hanya. Na sami gidan: mata goma sha wani abu zaune a inuwar darbejiya, hannuwansu jajur. Babbarsu sunanta Hajara, na durƙusa na gaishe ta.

"Gwaggo, ko kun ga wani littafi mai baƙin bango?"

"Na gani mana. Na buɗe na duba, boko ne, babu ayar Allah a ciki. Na ba Ta-Damagaram, maƙwabciyata, tana neman takardar naɗe ƙosai."

Ta-Damagaram ta tafi Maigatari tun da safe, kuma ba wanda ya san inda take sauka. Sai dai a same ta gobe Alhamis a bakin kaskonta, ranar kasuwa. Gwaggo ta ce in kwana a zauren mijinta. Ta miƙo mini tire, ta ce baƙo ma yana da hannu.

Ina tsinta ina ba su labarin. Na ce mutanen ba su taɓa ganin doki ba, suka kai wa sarkinsu rahoto cewa baƙi sun zo a kan barewa mai tsayin rufin ɗaki. Mata suka kwashe da dariya. Na ce sarkin ya sauke baƙin a gidansa, ya ba su zinariya, suka dinga wasoso a kanta kamar birai. Na ce ranar wani biki, mutane na rawa ba ko sanda a hannunsu, baƙin suka tare ƙofofi, suka fara kisa da makaɗi. Dariya ta tsaya.

"Yau ga baƙin banza," in ji Gwaggo. "Ba su da maƙwabta ne da za su kawo musu ɗauki?"

Na ce maƙwabtan sun gaji da biyan haraji, su suka bi bayan Turawa. Daga nan agana ta shiga birnin, har aka rasa mai ɗebo wa wani ruwa. Aka kewaye su kusan wata uku, suka ci ƙadangaru da ciyawa da fata.

Wata tsohuwa ta ajiye tirenta. "Kakata agana ce ta ci mata ido ɗaya. Su bakwai ne a ɗakinsu, ita kaɗai ta tashi. Allah sarki, ashe har can ta je." Ta ɗauki tiren ta ci gaba da tsinta. An ba ni tuwon gero da miyar kuka, ban iya cinyewa ba, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihina.

Alhamis: Maigatari

Shida da kwata muka tashi, muka biyo ta Gumel muka miƙe arewa. A shingen da ke kusa da gari wani jami'i ya tambaye ni abin da zan saya. Na ce ƙosai. Ya ce, "Daga Gagarawa? Wuce, Allah ya shirye ka."

Takwas da minti biyar na sauka. Shanu da raƙuma sun fi mutanen garinmu yawa sau goma. Na bi ƙamshin mai, kasko bayan kasko, har na hango baƙin bango a ƙarƙashin wani dutse. A gabana Ta-Damagaram ta yage shafi, ta zuba ƙosai biyar, ta barbaɗa yaji.

"Inna, don girman Allah ku tsaya!"

"Lafiya, ɗan lakwal?" in ji ta, wato ɗan makaranta a bakin mutanen Nijar.

Na yi mata bayani ina haki. Ta tafa hannu tana salati, ta ce tun jiya da yamma take ciniki da shi. Shafi goma sha tara suka rage. Sai ta kwance bakin zaninta ta ciro wata takarda a ninke. "Wannan ta farko ce. Hajara ba ta lura ba, akwai bisimilla a samanta. Ba na naɗe abinci da sunan Allah."

Wani Bafillatani na tsaye yana cin nasa a shafi na talatin da ɗaya. Na tsaya ina kallonsa kamar maye. Ya gama, ya karkaɗe yajin, ya miƙo mini. "Ungo, ƙanena. Da ka faɗa da wuri da na ci da sauri." Na tsinto wasu uku a ƙasa, ɗaya a bakin akuya.

Komawa Gida

La'asar sakaliya na isa Gagarawa, na wuce gidan Malam kai tsaye. Na ajiye masa shafi ashirin da huɗu, na sunkuyar da kai, na faɗi komai. Ya ɗauki ɗaya ya shinshina.

"Man gyaɗa ne," ya ce. "Aƙalla mai kyau ta samu."

Ya daɗe yana shafa takardun. Sannan ya ce, "Su ma Aztek an ƙone musu littattafai. Tsofaffin da suka tsira ne suka zauna suna faɗa, samari na rubutawa. Gobe bayan la'asar ka zo da biro."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Gwaggo Hajara da Ta-Damagaram. Wata biyu muka yi, Malam na faɗa ina rubutawa. Shafi bakwai na sunayen watanninsu da bukukuwansu bai iya tuno su ba. Mun bar wurinsu fari.