Kalma Uku da Inna Ta Hana

Ina aji biyar a firamare aka kawo mana wani malamin Hausa, siriri, mai yawan tari, wanda ya zo da akwatin ƙarfe cike da littattafan hikaya. Duk ranar Alhamis in an tashi, sai ya sa a fito da akwatin gindin bishiyar bedin da ke tsakar makaranta, mu zauna a inuwa, kowa ya ɗauki littafi ya karanta da ƙarfi. In ka karanta maganar tsohuwa da muryarka ta yaro, sai ya ce ka sake, tsohuwa ba ta da haƙoran da za ta yi magana haka. Mu dai dariya muke zuwa sha, ba mu san koya mana wasan kwaikwayo yake yi ba. Har yau in na ji warin tsohuwar takarda, inuwar nan nake tunawa.

Da taron iyaye na ƙarshen shekara ya matso, sai Malam ya rubuta mana wasa da hannunsa a littafin rubutu mai bango ja. Labarin wata yarinya ce da mahaifinta ya mutu, ta dage sai ta ci gaba da karatu. Ni ya ba yarinyar. Ba don na fi kowa iyawa ba, don dai ina da baki ne, kuma ba na jin kunyar taro. Na kwafe nawa maganganun a takarda, na taho gidanmu a unguwar Kambarawa da gudu, ko takalmi ɗaya da ya tsinke ban tsaya gyarawa ba.

Inna na tankaɗe a tsakar gida na tsaya gabanta na fara. Tana murmushi, tana cewa Allah ya shirye ni, har na zo inda yarinyar ke shaida wa hedimasta abin da ya hana ta zuwa makaranta. Na langaɓe kai, na ce, "Babana ya rasu."

Rariyar ta tsaya cak.

"Mi kika ce?"

"Inna, wasa ne. Malam ya rubuta."

"To malamin ya hwaɗi ma nashi uban. Ke ba ki da hankali? Mutum na hita bisa mashin tun sahe, cikin motocin nan, ke kuma ki zamna kina mashi wannan baki? Kada in ƙara ji."

Baba ɗan acaba ne. Daga ƙauye ya zo Katsina da Inna kafin a haife ni, ya yi leburanci, daga baya ya samu mashin. Kullum in ya tayar da shi a ƙofar gida, Inna na daga ciki tana addu'a har ƙarar ta ɓace. A gidanmu ba a wasa da ambaton mutuwar mai rai, ko da kuskure. A lokacin haushinta na ji ƙwarai, na ce a raina ƙauyanci ne. Yanzu da na girma na san tsoro ne kawai, irin na matar da ba ta da kowa a birni sai mijinta.

Washegari na kai wa Malam shawarar Inna: a ce uban ya yi tafiya. Malam ya yi tari, ya ce in uban tafiya ya yi, ai sai yarinyar ta jira ya dawo, wasa ya ƙare tun ba a buɗe labule ba. Ya ba ni zuwa Alhamis. In ba a yarda ba, zai ba wata. Na yi ta kumbura, na ƙi cin tuwo da yawa don a lura, ba wanda ya lura.

Baba ne ya raba gardamar. Ranar Laraba da la'asar ya dawo shan ruwa, ya tarar da ni ina kuka a zaure. Ya ce in karanta mashi takardar, tunda shi bai iya boko ba. Na karanta, da na zo wurin sai na tsallake. Ya gane. Ya shiga ciki, na ji yana ce wa Inna, "Rai na hannun Allah, ba ya bakin ɗiyarki. Ki bar ta ta yi karatunta." Daga ƙarshe Inna ta kafa sharaɗi biyu: ba za a faɗi maganar a cikin gidanta ba, kuma ranar wasan Baba ba zai hau mashin ba. Ita kuwa ba za ta je ta ji da kunnenta ba.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, tsoron Inna ya riga ya shige ni. A wurin gwaji, in na zo kalmomin nan uku sai in haɗiye su, in yi gunaguni, in wuce. Malam ya yi faɗa har ya gaji. Ya ce ranar taro dai bakina zai buɗe.

Ranar ta zo. Aka haɗa tebura aka shimfiɗa tabarmi ya zama dandali, aka ɗaura zannuwan gado biyu a igiya ya zama labule. Wanda ya fito a hedimasta an manna masa gemun auduga da ƙaro, gefe ɗaya na ta zamewa. Iyaye sun cika fili, mata gefe, maza gefe, masu sayar da gyaɗa da rake sun kewaye katanga. Na leƙa ta tsakanin zannuwan ina neman Baba, ban gan shi ba. Na san a ƙasa zai taho, amma zuciyata ta ce, in ya ga ya makara fa, ya saɓa wa Inna ya hau mashin?

Aka buɗe labule. Na yi sallama, jama'a duka suka amsa, har mai gemun ya rasa inda zai sa tasa amsar. Ya gyara murya ya ce, "Me ya hana ki zuwa makaranta kwana bakwai?"

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya sake tambaya. Daga bayan labule ina jin Malam yana raɗa min kalmomin, kamar mantawa na yi. Ban manta ba. Idona na yawo cikin huluna, fili ya yi tsit.

Sai daga can baya, wajen gindin bedi, na ji murya:

"Ke, hwaɗi abinki, ga ni nan tsaye!"

Baba ne, cikin babbar rigarsa ta Juma'a, ya ɗaga hannu sama kamar mai tsayar da mota. Fili ya fashe da dariya. Wurin da Malam ya tsara don a yi kuka, har tsofaffi sai da suka riƙe ciki. Na jira dariyar ta lafa, na dubi Baba, na faɗi kalmomin da ƙarfi, kowa ya ji. Daga nan ban sake tuntuɓe ba har aka ja labule. Da aka tashi, Malam ya je ya gaisa da Baba hannu biyu, ya ce masa, "Ka ɓata mani wasa, amma na gode." Muka taka a ƙasa har gida, Baba yana ta ba kowa labari a hanya. Inna ba ta tambayi yadda aka yi ba, kai kawai ta ɗaga ta ƙirga mu, ta ga mu biyu ne.

Baba ya yi shekaru masu yawa bayan nan. Ya ga na zama malama, ya ga jikoki, ya bar acaba da kansa saboda gwiwa. A kan gadonsa ya cika, bayan gajeruwar jinya, wata safiyar Talata. Ni ce babba, don haka ni aka miƙa wa waya in sanar da dangi a ƙauye. Na kira ƙanensa. Ya ɗauka da murna, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, ina amsawa lafiya lau. Sannan ya ce, "Ya jikin Yaya?"

Na buɗe baki na tsaya. Mace mai 'ya'ya huɗu, na juya ina duban bayan mutanen da suka cika tsakar gida. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ƙanen Baba ya yi ta cewa a waya, "Kina ji na? Kina ji na?" Sai na faɗa masa.