Zumar da Muka Kai wa Sa a Kebbe

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ni da abokin aikina, a bayan wata motar gyaɗa mai zuwa Tambuwal. Bazarar farko bayan samun 'yancin kai ce, direba ma ya ɗaura ƙaramar tuta kore da fari a gaban mota. Ofishin dabbobi ne ya aike mu. Ciwon boru, mai fasa bakin shanu da kofatonsu, ya ratsa ƙasar Kebbe. Maganin shuɗi da ake shafawa ya warkar da da yawa, amma wasu gyambunan baki sun ƙi ji. Aka ce mu je mu gwada zuma a kansu. Gora guda muka riƙo, na rungume ta kamar jariri duk tsawon hanya.

Tambuwal ta burge ni. Kasuwa cike, fura da nono araha har na ji kunyar tayawa. Daga nan muka hau kekuna, ko in ce kekuna suka hau mu, don rairayin hanyar Kebbe ya sa rabin tafiyar turawa muka yi.

Mun sauka gidan Malam Umaru, manomi mai shanun huɗa biyu. Ɗaya ya warke. Ɗayan, wani jan sa, ya daina cin komai, yawu na zuba, haƙarƙari a waje. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma sa ɗaya ba ya jan garma. In jan san nan ya faɗi, noman gidan na bana ya faɗi.

A zaure na miƙa wa maigidan gorar don in kwance kaya. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya shige ciki. Na ɗauka ajiyewa zai yi. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, muka ci muka yi nak.

Da safe ya kai mu turke.

"To, Malam, ina maganin da kunka zo da shi?"

Na ce gorar jiya. Ya dubi san, ya dube ni.

"Ashe ba tsaraba ce ba?"

A Kebbe, abin da baƙo ya miƙa a zaure tsaraba ne, kuma ba a cin tsaraba a ɓoye. Tun daren ya raba zumar gida-gida. Ranar kasuwar da za a sayi wata da saura, san kuwa ba zai jira ba.

Malam Umaru ya sa hula ya fita. Na san nauyin abin da zai je yi, dattijo ya bi gidaje yana neman kyautar da ya bayar.

Kafin hantsi sai ga ƙoƙuna suna shigowa, wani rabi, wani ɗan abin da ya rage a gindi. Ba wanda ya yi masa dariya. Wata tsohuwa ta zo hannu wofi.

"Ni dai na lashe tawa, ɗana, ba ni ƙarya. Amma na tura jikana shi sauke amyar zumarmu."

Wallahi sai da idona ya ciko.

Muka riƙa wanke bakin san da ruwan gishiri, mu naɗe tsumma a kara, mu shafa zuma. Shi kuwa gogan sai ya lashe, mu sake. Maƙwabta suka karɓi aikin riƙe masa kai bi da bi. Sannu a hankali gyambon ya fara tsukewa. Ranar da ya cusa baki cikin jiƙaƙƙiyar dusa, Malam Umaru ya juya mana baya yana gyaran hula, ya daɗe bai juyo ba.

Mun dawo Sakkwato ruwan farko na dukanmu. Babbanmu ya ce sa ɗaya ba ya zama hujja, sai an ƙara gwaji, kuma gaskiyarsa. Ni dai abin da na koyo ya fi ƙarfin zuma: na ga garin da ake mayar da kyauta don a rufa wa mai bayarwa asiri.

Gorata ma ba ta dawo wofi ba. Da muna sallama maigidan ya miƙo min ita cike, da hannu biyu.

"Wagga tsaraba ce, Malam. Kak ka ba sa."