Wanda Ya Riga Zuliha Hawa Sabon Babur

Duk wanda ya daɗe a Agege ya san Ja'afaru, in bai san fuskarsa ba to ya san ƙeyarsa. Shekara da shekaru ya yi yana okada, wato acaɓa, tsakanin kwatar Oko-Oba da Pen Cinema, babu irin mutumin da bai goya ba, daga 'yan kasuwa da masu wa'azi har mahauta da cinyar saniya a kafaɗa. A nan aka haife shi, a gidan da kakansa ya gina da cinikin goro, shi ya sa in ya juya harshe zuwa Yarabanci sai ka leƙa ka ga ko an canza mutum. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga yawan gaisuwa. Mutumin kirki ne, wannan babu musu. Aibinsa ɗaya, bai iya ganin hannu a ɗage a bakin titi ya wuce ba.

Matarsa Zuliha ta fi kowa shan wahalar wannan hali. A farkon aurensu, in za ta unguwa shi ke kai ta, amma kaiwar Ja'afaru ba ta da tabbas. Suna cikin tafiya wani zai ɗaga hannu, sai babur ya rage gudu, sai ka ji ya ce, "Ɗan sauka nan, yanzu zan dawo." Ta sauka a gaban mai faci, ta sauka a gindin gada, ta sauka a bakin layin dogo. Na ƙarshe shi ne ranar sunan ɗiyar yayarta. Ta ci ado, ga 'yarsu Hanan a goye, ga kular waina a hannu, ya sauke ta a Pen Cinema saboda wani mai kwat da ke sauri zuwa Ikeja. A Ikeja ya samu wani fasinjan, daga can ya samu wani. Sai da aka kira la'asar ya tuna inda ya ajiye iyalinsa. Ya tarar da ita zaune a kan kular, ta riga ta rabar da wainar ga masu jiran danfo, motar hayar Legas. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Baban Hanan, ni da bayan babur ɗinka har abada." Ta kuwa riƙe maganarta. Hanan ta girma har ta shiga makarantar koyon jinya, uwarta ba ta sake ɗora ƙafa a babur ɗinsa ba.

Da aka matsa wa 'yan okada a Legas aka yi ta kame, nasa ma ya tafi a bayan wata babbar mota, bai sake ganinsa ba. Ya yi kwana biyu yana zaman makoki, sai Baba Ridwanu, wani tsohon mahauci da ya daɗe yana ɗauka, ya ja shi cikin kwata ya haɗa shi da masu ƙirgi. Ja'afaru ya koyi sayen fatar shanu yana sayar wa mata masu ganda, Allah kuma ya sa wa abin albarka. Ya yi ƙiba, ya fara sa shadda ko ba Juma'a ba. Amma mutumin da ya saba da iska a fuska ba ya jin daɗin danfo. Kullum yana matse tsakanin mai buhu da mai kwando, yana kallon direba yana tsaki a ransa.

Bara ya tafi Ebute Metta ya dawo da sabon babur. Ba siririn nan na okada mai dogon sit ba. Wannan mai ƙirji ne, baƙi wuluk, tankinsa kamar tulu, ƙararsa kuwa a ciki kake jin ta kafin ta iso kunne. Bai kai manya-manyan nan da 'ya'yan masu kuɗi ke tsaga titi da su ranar Lahadi ba, amma ya wuce a kira shi okada. Sit ɗinsa hawa biyu ne, na direba a ƙasa, na baya ɗan ƙarami a sama, naɗe cikin ledar kamfani.

A Agege ba a gaggawar cire ledar sabon abu, don ita ce shaidar cewa kai ka fara. Da maƙwabta suka taru a ƙofar gida aka yi addu'a aka shafa, Ja'afaru ya dafa sit ɗin baya ya ɗaga murya yadda za a ji har cikin gida.

"Jama'a ku shaida. Wannan ledar ta baya ba mai zama a kanta sai Maman Hanan. Ita za ta yage ta da hannunta."

Zuliha ta leƙo daga soro, ta ƙare wa babur ɗin kallo. "Allah ya sa alheri, ya kiyaye hanya."

"Amin. Yaushe za ki hau?"

"Danfo dai bai taɓa sauke ni don ya hango mai kwat ba," in ji ta, ta koma ciki.

Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi, amma maganar ta yi masa zafi don gaskiya ce. Ko da bai faɗa wa kowa ba, abin da ya sa ya sayi babur ɗin ke nan. Yana so, kafin tsufa ya cim musu, ya ɗauki matarsa daga ƙofar gida ya kai ta har inda za ta bai ajiye ta a hanya ba.

Mai shagon da ya sayar masa ya ja masa kunne cewa sabon inji lallaɓa shi ake yi har ya saba, kada ya kuskura ya murɗa shi. Ja'afaru ya ɗauki maganar kamar wasiyya. Sai ga ƙaton babur yana rarrafe a gefen titi, keke mai ƙafa uku yana wuce shi, mai turin baro yana neman ya ba shi hanya. To a Legas, mai babur da ke tafiya a hankali a gefen titi fassararsa ɗaya ce. Ko'ina ya bi hannaye ke tashi.

"Okada! Abule Egba!"

"Aboki, Iyana Ipaja na how much?"

Ya sayi hular kwano mai gilashi da baƙar jaket da safar hannu, yana dahuwa a ciki da tsakar rana, duk don a gane an samu canji. Ba a gane ba. Kuma ba laifin mutane ba ne kaɗai, babban yatsansa ma munafuki ne. Da ya hango mai tafiya a ƙasa, yatsan zai danna hon sau biyu, irin kiran fasinjan nan, tun mai yatsan bai ankara ba. Hon ɗin wannan babur kuwa ba irin na da ba ne, wata mai tallan burodi saura kaɗan ta kifar da tirenta a kwatami. Har tsumma ya ɗaura wa yatsan don ya riƙa tuna masa.

Duk da haka bai ɗauki kowa ba. Ladanin masallacinsu ya nemi ya rage masa hanya, ya ba shi haƙuri. Abokan cinikinsa suka nema, ya ce taya ba iska. Aka fara cewa Ja'afaru ya samu duniya ya daina ganin mutane, ya ji ya haɗiye. Abin da ke ƙarfafa shi, kullum in ya turo babur cikin soro da yamma, Zuliha takan sami dalilin wucewa ta wurin, ta ɗan saci kallon ledar. Ran nan tana miƙa masa ruwa ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ranar Lahadi akwai walima gidan Yaya a Ebute Metta. In ledar nan ta kai Lahadi, sai mu gani."

Ranar Alhamis ya fito daga kwata, jikinsa na kan babur, hankalinsa na can ranar Lahadi. Yana ta tunanin hanyar da za su bi wadda ba ta da ramuka, da shaddar da zai sa. A bakin ƙofar kwata wani hannu ya ɗago. Birki ya kama, babur ya tsaya, wani ya hau ya ce, "Mu je kasuwa," Ja'afaru ya sa giya. Duk wannan ya faru bai san an yi ba. Sai da suka tsaya a cunkoson layin dogo ya ji danshi a gadon bayansa, wani abu mai tsini kuma yana zungurar haƙarƙarinsa. Ya dubi madubi. Kan saniya ne ya zuba masa ido, harshe a waje, a bayansa kuma ga Baba Ridwanu ya rungume shi a cinya.

"Innalillahi! Baba, yaushe ka hau?"

"Kai ka tsaya, ni kuma na hau. Amma Ja'afaru wannan babur naka ba shi da mutunci, ko wurin ɗora kaya babu. Mutum yana sama kamar an ɗora shi a kanta."

Yaya zai yi? Mutumin da ya ba shi sana'a a hannu ba a ce masa sauka a tsakiyar titi. Haka ya ratsa tsakiyar Agege a hankali, saboda sabon inji, ƙaho ɗaya ya leƙo ta hagunsa ɗaya ta damansa, kowa ya samu lokacin kallo. Ya kai tsohon har gaban mai abincin da ta yi odar kan. Da Baba ya sauka, Ja'afaru ya dubi sit. Ƙaho ya farke ledar gida biyu, jini ya shiga har cikin ɗinki.

Bai nufi gida ba. Ya tsaya wurin masu wankin mota aka dirje sit da sabulu, ya zazzage masa kwalbar turare. Daga nan ya je wurin mai sayar da katifa ya roƙi leda, ya zauna ya naɗe sit ɗin tsaf, ya manne ƙasan da salatif. Ya ja da baya ya duba, ya ga kamar ba a taɓa ba. Ƙudaje ne kawai ba su yarda ba, suka raka shi har soro. Zuliha ta wuce ta saci kallon ledar kamar kullum. Juma'a ma haka, Asabar ma haka. Ja'afaru ya fara jin ya tsira.

Ranar Lahadi da hantsi ta fito cikin leshi ruwan zuma, da mayafi da jaka. Ta tsaya a gaban babur, ta sunkuya tana karanta rubutun da ke jikin ledar, wanda shi bai lura da shi ba.

"Baban Hanan, ashe kamfanin babur ɗin nan har katifa suke yi?"

Ya cire hular kwanon da ya riga ya sa, ya sake mayarwa. "Wallahi ban san na tsaya ba. Hannuna ne."

"Tun ranar na ji. Kafin ka iso gida mata sun yi ta shigowa yi mini jaje, wai kan saniya ya riga ni." Ta sa farce ta yage ledar katifar, ta dunƙule ta miƙa masa. "An ce ka kai shi har inda za shi. Tunda kan saniya ya isa lafiya, bari ni ma in gwada sa'ata."

Hawan ma sai da aka sha fama, don sit ɗin na sama, leshin kuma bai san da zancen ba. Da ta zauna ta laluba baya ta ji wayam.

"Ina ƙarfen da ake riƙewa?"

"Wannan ba shi da kariya. Ni ake riƙewa."

"A tsakiyar unguwa? Allah ya sawwaƙe." Ta kama gefen sit da yatsu, ta miƙe zam, ta bar tazara tsakaninsu.

Suka fita unguwa ana ta ɗaga musu hannu, wannan karon na gaisuwa. Ja'afaru farin ciki kamar ya kashe shi. Yana kauce wa kowane rami, yana satar kallon gefen mayafinta a madubi. Sun wuce Mangoro ke nan sai ga wani da jakar hannu ya faɗo titi a guje, hannu a sama, yana ihu, "Okada! Okada!" Yatsun Ja'afaru suka damƙe birki. Babur ya tsaya cak.

Kafin ya ce wani abu sai ya ji babur ya yi sauƙi. Ya dubi madubi. Zuliha ta riga ta sauka. Tana tsaye a bakin titi, ta gyara mayafinta, ta rungume jakarta, tana waige-waigen inda za ta sami inuwa. Ba wanda ya ce mata ta sauka. Fuskarta babu fushi ko kaɗan, kuma rashin fushin ne ya fi dukansa. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba, da tausayin matar da ya koya wa wannan tsayuwa.

Mai jaka har ya ɗaga ƙafa zai hau. Ja'afaru ya tare sit ɗin da hannu.

"Oga, e ma binu. Na my wife seat be dis," in ji shi, wato a yi haƙuri, wurin matarsa ne.

"Den why you stop?" mutumin ya daka masa tsawa, wai to me ya sa ya tsaya, ya ja tsaki ya yi gaba yana mita.

Ja'afaru ya kashe inji ya juyo. "Maman Hanan, don Allah hau."

Ta dube shi ta daɗe, motoci na ta wucewa. Sannan ta tattare leshinta, ta dafa kafaɗarsa ta hau.

Ba su yi nisa ba wata mata da kwando ta ɗaga hannu a gaba. Ya ji yatsunsa sun motsa, ya cije leɓe. Sai ya ji an damƙi rigarsa ta ƙugu, damƙa mai ƙarfi da hannu biyu, muryar Zuliha kuma ta tashi ta saman kafaɗarsa har sai da hular kwanon ta amsa.

"Ba haya ba ne!"

Ja'afaru ya saki birki. Ba ta saki rigar ba har suka isa Ebute Metta, ya shiga walimar mutane da shadda a yamutse.