Irin Gero Mai Jan Magani

A bakin rumfar cibiyar binciken noma, malamar da ke rabon sabon irin gero mai jure fari ta kasa ɗauke ido daga kan wani dattijo. Dogo ne, ramamme, wuyan riga ya yi masa yawa, tafin hannunsa duk kanta. Kowa na karɓa yana godiya, shi kuwa ya kwance ƙullinsa yana kallon ƙwayoyin da aka rina da jan maganin ƙwari.

"'Yata," ya ce ƙasa-ƙasa, "in an wanke shi sosai, yana ciwuwa?"

Ta yi saurin cewa, "Baba, guba ce, ko an wanke! Na shuka ne kawai."

Ya gyaɗa kai. Da gani ba don cikinsa yake tambaya ba. Wataƙila rumbu ya yi wayam a gida, ga jikoki masu laluben kowane ƙulli. Ya ɗaure bakin ledar tamau, ya cusa a aljihun ƙirji, ya dafe da hannu. Yana duban sama, babu ko ɗigon gajimare.

"To, a ina zan ɓoye shi har ruwa ya sauka?"