Sai Da Izinin Madam

Mai Labule ake ce mata a layinsu, don tun tana amarya ba ta da sana'ar da ta wuce ɗinkin labule. In aka kawo mata yadin riga sai ta tura mutum gaba. "Ni taga nake yi wa sutura," in ji ta. "Taga ba ta ƙiba, ba ta ramewa, ba ta dawowa ta ce an matse mata hammata." Shagonta ɗakin ƙofar gida ne. Teburin yanka ya cinye rabinsa, kekunan ɗinki biyu sun cinye sauran, ita kuma tana tsakiya da igiyar awo a wuya.

Mijinta mai haɗa wutar gidaje ne, kowa Injiniya yake kiransa. Mutum ne mai tsokana, ba ya iya wucewa ta gaban shagon bai ja mata igiyar awon ba. Shi ya sayo na'urar waifai ya ɗora a kan kabad ɗin falo, don ta riƙa tura wa masu saye hotunan aikinta. Bayan 'yarsu guda, akwai ƙaninta Auta, wanda ta goya tun rasuwar mahaifiyarsu. A gidan ya girma, daga gidan ya yi aure, kuma makullin ƙofa bai bar aljihunsa ba.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da Injiniya, sai ta rufe shago ta tare a asibiti, ta bar wa Auta gida. Wata safiya Auta ya same ta a barandar ɗakin marasa lafiya, idonsa jajur. Ya ce ɓarayi sun ɓalle tagar baya, sun kwashe talabijin da na'urar waifai da akwatin kayan aikin Injiniya, har da kan keke ɗaya. Yana faɗa yana sharar hawaye, wai laifinsa ne da ya je ya kwana gidansa. Ita ce ma ta riƙa lallashinsa.

"Share fuskarka, kada Injiniya ya gani. Kaya ne, sun tafi. Ka yi mini alƙawari ba zai ji ba."

Bai ji ba kuwa, har ya rasu.

Ta daɗe kafin ta sake buɗe shago, kuma da keke ɗaya ta buɗe. Masu saye sun saba a tura musu hoto, ita kuma data sai ƙarewa take yi ana tsakar magana. 'Yarta, wadda ke karatun jinya a wani gari, ta ce, "Mama, ki nemi waifai ko na hannu ne. Ki sa wani layi mai data a ciki, ki huta."

Ta shiga kasuwa, ɓangaren masu tsofaffin kayan wuta. Wani dattijo mai tabarau ya tono mata ɗaya daga ƙasan kwali, fara, ƙura ta maida ta ruwan ƙasa. Bai yi mata kama da komai ba, duk irinsu ɗaya ne a idonta. Ya hure ta, ya juya bayanta ya nuna mata wani ɗan rami kamar hujin kunne.

"Ban taɓa ta ba tun da ta shigo, Hajiya. In kin haɗa ta da wuta, ki sa allura nan ki danne, kada ki saki sai fitilun sun mutu sun dawo. Za ta manta duk abin da mai ita na da ya sa mata. Suna da lambar sirri na asali ga su nan a liƙe a ƙarƙashinta."

"Allura kam ba a rasa ta a gidana," in ji ta.

Ta goge ta da ƙyalle, ta sa sabon layi mai data, ta haɗa wuta, ta shiga shago ɗauko allura. Tana cikin zaɓe a gwangwani ta ji wayarta a falo tana ta ƙara, saƙo kan saƙo. Ita kuwa ta san wayar ba ta da data. Ta dawo ta duba, sai ta ga wayar ta haɗu da na'urar da kanta, ba a tambaye ta lambar sirri ba. A saman allon ga sunan nan: Sai Da Izinin Madam.

Dariya ce ta fara kuɓuce mata, don ta ji muryar Injiniya sarai. Shi ya raɗa wa waifan wannan suna, saboda maƙwabta masu zuwa roƙon lamba, yana tura su wurinta yana ƙunshe dariya. Sannan ta zauna a ƙasa da allurar a hannu.

Washegari ta koma kasuwa. Ba rigima ta kai ta ba, so take ta ji ko akwatin kayan aikin ma ya biyo ta wurin. Tana ambaton ɓarayi dattijon ya cire tabarau.

"Hajiya, ki iya bakinki. Na tsufa a rumfar nan ban taɓa sayen kayan sata ba. Wanda ya kawo ta na san shi, ga rumfar abokinsa can mai gyaran waya, nan yake yini. Wani dogo, mai tabon ƙuna a bayan hannu. Ya ce yayarsa ce ta aiko shi, mijinta na asibiti, magani ya gagara. Da talabijin ya fara zuwa. Da ya kawo kan keke har na ji ba daɗi, na ce mace ta rabu da abin sana'arta? Na ƙara masa a kan abin da ya nema, na ce ya gaishe ta."

Tabon ƙunar ta san shi. Dutsen gugarta ne ya yi shi, Auta yana rarrafe, kuma ita ta kwana tana hura masa hannu. Ta ce wa dattijon, "Gaisuwar ba ta iso ba, Baba, amma na gode." Ta juya.

Da azahar Auta ya shigo yadda ya saba, bai ƙwanƙwasa ba, yana tambayar me aka dafa. Ta zuba masa. Yana ci wayarsa ta fara ƙara a aljihu. Ya ciro ya duba, ya ɗaga kai ya ga fitilu kore a kan kabad, sai cokalin ya tsaya masa.

"Taka ma ta gane ta ko?" in ji ta.

"Yaya, an kama ɓarayin ne?"

"Mai rumfa ya ce ya ba ka gaisuwa ka kawo mini."

Ta zaci zai durƙusa. Da ya durƙusa, ta san kanta, da ta yafe kafin ya rufe baki. Amma sai ya ture kwano ya fara bayani. Wai abin ya matse shi a lokacin, wai niyyarsa ya mayar kafin su dawo, wai kuma ai kowa ya ga Injiniya ba tashi zai yi ba, kayan aikin me za su ƙara masa?

Nan ne abin ya soke ta. Lokacin da take goge wa mijinta baki tana ce masa ya kusa komawa gida, ƙaninta ya riga ya gama lissafinsa.

"Tagar fa? Kai ka ɓalle ta?"

Ya kau da kai.

"Ni na kira mai walda ya gyara, kana tsaye kana nuna masa inda suka sa ƙarfe." Ta miƙa hannu. "Makullina."

"Haba Yaya, ni ne fa. A kan kaya?"

"Na san kai ne. Makullina."

Ya ajiye shi a kan tebur da ƙarfi ya fita.

Ta bar na'urar haka na ɗan lokaci. Takan buɗe waya ba don komai ba sai don ta ga sunan. Sai maƙwabciyarta ta gaya mata tana ganin Auta a jingine da katangar gidan da rana, yana latse-latsen waya. Ta leƙa ta tsakanin labule ta gan shi kuwa, ya kasa shigowa ya ba da haƙuri, amma yana shan waifan gidan. Ta kira 'yarta ta ce a canja lambar sirri.

"Mama, kafin a canja sai an shiga cikin na'urar, kuma akwai wata lambar ta daban da Baba kaɗai ya sani. Sai dai ki danna ramin nan. Komai zai goge, har sunan. Amma za mu iya sake rubuta shi."

"Ba shi ya rubuta ba ke nan."



Ta sauko da na'urar kan teburin yanka, ta sa allura ta danne. Karon farko ta saki da wuri. Karo na biyu ta riƙe har fitilun suka mutu gaba ɗaya, suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Ta kifa ta, ta karanto wa 'yarta baƙaƙen da ke ƙarƙashi, yarinyar tana gaya mata inda za ta taɓa. Suka sa sabuwar lamba. Wurin suna kuwa ta bar shi da tarkacen haruffan da kamfani ya sa.

Matar Auta ta zo ban haƙuri da jariri a baya, ta yi kuka na gaske, don ita ma sai lokacin ta ji. Mai Labule ta karɓi jaririn ta yi masa wasa, ta ba uwar abinci, ta ce ita ƙofa a buɗe take gare ta. Dangi sun yi ta tambayar abin da ya raba ta da yaron da ta raina, ba ta gaya wa kowa ba, har wasu na cewa rashin miji ya sa ta zafin rai. Ta bar su da zancensu.

Kan keken bai dawo ba, dattijon ya ce tuni ya sayar wa wani tela daga nesa. Da guda ɗaya take aiki har yanzu, kuma aikin na zuwa. Auta kan biyo ta layin wani lokaci, ya tsaya daga bakin shago ya ce, "Yaya, ina wuni?" Takan amsa masa lafiya lau, ta tambayi yara, ƙafarta na kan keke.