Allunan Gilashi na Babanmu

Wata ranar Asabar ce da damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Ina zaune a bakin rijiya ina tsince wake sai ga Baba ya turo kekensa cikin gida, ya jiƙe sharkaf, ya naɗe wani abu a rigarsa ya rungume a ƙirji. Inna ta ɗauka nama ya sayo, har ta miƙo kwano. Da ya warware sai muka ga ƙaramin allo na gilashi da siririn alƙalamin roba a maƙale a gefensa. Ya ce kwamfuta ce da ake yi wa rubutu da hannu, a tarkacen 'yan gwangwan ya tsinto ta a unguwar Kwangila.

Gyaran rediyo ne sana'ar Baba, a wata rumfa kusa da gidanmu a Tudun Wada, amma daga ranar zuciyarsa ta koma kan waɗannan allunan. Duk inda ya ji labarin wani, komai nisan wurin, sai ya taka keke ya je. A hankali suka cika wani kwali a ƙarƙashin gadonsa, wasu fuska a tsage, wasu batir ya kumbura. Idan na gama shara da wanke-wanke, ƙawayena na carafke a ƙofar gida, ni ina durƙushe ina riƙe masa ƙananan kusoshi a murfin kwalba, hayaƙin dalma na shiga idona. Yakan ce, "Binta, ba mutuwa suka yi ba, yasar da su aka yi." Biyu kawai suka taɓa tashi a hannunsa. A kan ɗaya na koyi zana kaza, sai in goge in sake.

Ina aji shida ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Maganarsa ta sarƙe, hannun ya daina riƙe ko da cokali. Sai ya riƙa nuna min kwalin da ido, in ɗauko, yana gyaɗa kai ina kunce kusoshi. Wata rana hannuna ya goce, na ɗiga dalma inda bai kamata ba, allon da ya fi so ya yi ɗan hayaƙi ya mutu. Bai yi faɗa ba. Ya juya fuskarsa ga bango, bai ƙara neman kwalin ba har ya rasu.

Bayan arba'in Kawu ya zo kwashe kayan ɗakin Baba. Ina dawowa daga makaranta na tarar an ba mai gwangwan kwalin. Na yi kuka har muryata ta dashe. Inna ta ce, "Yi haƙuri, 'yar nan. Mai su ma ya tafi."

Yanzu ina koyarwa, rumfar Baba kuma ta zama wurin cajin waya. Na fara tara irin waɗannan allunan, sai dai kayan gyaransu sun ƙare a kasuwa, masu gyara kuma dariya suke min. Bara na samu ɗaya ya tashi. Na kira 'ya'yana, suka leƙa, suka shafa gilashin da yatsa, da suka ga bai motsa ba kowa ya koma kan wayarsa. Na daɗe zaune da shi a cinya har hasken ya dushe. Wanda zai yi murna da shi ba ya nan.